Wa ke tsaye kusa da sabuwar nas da ƙarfe biyun dare?

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya fito, gidaje da dama daga Sakkwato zuwa Maiduguri sukan cika da guɗa. Yarinyar da aka yi shekara uku ko biyar ana haɗa mata kuɗin makaranta da ƙyar ta zama nas. Murnar ba ta daɗewa take komawa zaman shawara: ina za ta fara aiki? Mahaifi albashi yake tambaya. Mahaifiya tana son sanin nisan asibitin da gida, da yawan daren da za a riƙa kwana a waje. Ƙawaye kuwa sunan asibitin suke dubawa, ko zai yi nauyi a takarda ranar da za a nemi fita ƙasar waje.

Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Sai dai akwai tambaya guda da ba kasafai take isa zauren ba, ga shi kuwa ta fi sauran nauyi. Idan ƙarfe biyun dare ya yi, likita yana ɗakin tiyata, numfashin matar da ke gado na bakwai ya fara sauyawa, wa ke tsaye kusa da sabuwar nas ɗin nan da zai faɗa mata ma'anar abin da take gani da abin da ya kamata ta yi?

Amsar wannan tambaya ita ya dace ta yanke hukunci a kan aikin farko. Ga ma'aikacin jinya, mace ko namiji, domin maza ma suna da yawa a wannan sana'a a Arewa, aikin farko shi ne ajin ƙarshe na makaranta. Mai shirin shiga aji kuwa malamin yake fara tambaya kafin ya dubi fentin ginin.

Abin da lasisi ya tabbatar, da abin da bai tabbatar ba

Lasisin aiki shaida ce cewa mai shi ya kai matsayin da za a bar shi ya taɓa mara lafiya. Ƙwarewa wani abu ne daban, kuma masana wannan fanni sun daɗe da rarrabe su. A 1984 wata malamar jinya Ba'amurkiya, Patricia Benner, ta wallafa littafinta mai suna *From Novice to Expert*, bayan ta yi hira da ma'aikatan jinya tare da lura da su a bakin aiki. Ta kasa tafiyar nas zuwa matakai biyar, daga ɗan koyo har zuwa gwani. Wadda ta fito daga makaranta yawanci a mataki na biyu take: ta san ƙa'idoji, ta ga wasu abubuwa da idonta, amma ba ta iya tantance wanne ne ya fi gaggawa idan abubuwa uku suka taso mata a lokaci guda. Mataki na uku, inda za a ce hannunta ya faɗa, Benner ta ce yakan zo ne bayan shekara biyu zuwa uku ana aiki iri ɗaya a sashe iri ɗaya.

Tazarar da ke tsakanin sani da iyawa tana fitowa fili a ƙananan abubuwa. Kowace ɗaliba ta karanta cewa magniziyam salfet shi ne maganin jijjiga, wato taune-taunen da ke kama mai ciki ko mai jego saboda hawan jini. Ta haddace cewa bayan an ba da shi dole a riƙa ƙirga numfashi, a duba motsin gwiwa, a auna yawan fitsari, kuma a ajiye kalsiyam gulukonet a kusa domin karya ƙarfinsa idan ya yi yawa. Amma ranar farko da mace ta fara jijjiga a gabanta, miji yana salati a bakin ƙofa, uwar miji tana riƙe da hannun rigarta tana cewa "Likita, ki taimaka mana", haddar nan ba ta isa. Tana buƙatar wadda ta ga irin wannan sau hamsin ta ce mata a natse: "Juya ta gefe tukuna, 'yata, sannan ki ɗauko maganin."

Haka abin yake a ƙarin jini, inda mintuna 15 na farko su ne ake son ido ya tsaya a kan mara lafiya. Haka yake a fotasiyam, wanda ba a taɓa tura shi kai-tsaye cikin jijiya ba tare da an sirka shi cikin ruwan ƙari ba, domin yana iya tsayar da zuciya. Haka yake a lissafin maganin yara, wanda ake yi bisa nauyin yaro, inda kuskuren ɗigo ɗaya a rubutu yake mayar da magani ninki goma. Littafi yana faɗin duk waɗannan. Ido da hannu kuwa a gefen wani suke koyonsu.

Tun kafin Benner, a 1974, Marlene Kramer ta rubuta littafi sukutum a kan kaɗuwar da sababbin ma'aikatan jinya suke yi idan suka tarar aikin da aka koya masu a aji ya sha bamban da wanda ake yi a ɗakin marasa lafiya. Ta nuna cewa wannan kaɗuwa tana cikin abubuwan da ke korar mutane daga sana'ar. Shekara hamsin ke nan, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin gwamnati ya ga alamarta a fuskar wata yarinya mai sabon farin kaya.

Ɗabi'ar farko ita ke zama

Wani zai ce ai ƙwarewa tana zuwa da kanta, ko ina aka yi aiki, muddin an daɗe. Gaskiyar ita ce abin da ke zuwa da kansa sabo ne, kuma sabo yana iya zama da daidai, yana iya zama da kuskure. Nas ɗin da ta fara aiki a wurin da ake cike takardar awon zafin jiki da bugun jini ba tare da an auna ba, domin babu lokaci, za ta yi ƙyamar abin a makon farko. A wata na uku za ta daina jin komai. A shekara ta biyar ita ce za ta koya wa wata. Wadda ta fara a ɗakin da ake miƙa aiki gado bayan gado, ana faɗin abin da ya faru da kowane mara lafiya a gabansa, za ta ɗauka haka aikin yake, kuma duk inda ta je da shi za ta tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan yake bushewa.

Saboda haka abin da ke kan sikeli ya wuce jin daɗin shekara ɗaya. Akwai ran mara lafiya. Akwai lasisin da aka sha wahala kafin a samu, domin sa hannun da ke kan takardar magani na nas ne, kuma hukumar da ta ba da lasisin tana da ikon ladabtarwa har da soke rajista. Akwai kuma lafiyar ita kanta ma'aikaciyar.

Wannan na ƙarshe yana da tarihi a ƙasar nan. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, kuma mutanen farko da aka gano shi a jikinsu a 1969 ma'aikatan jinya ne. Laura Wine ta kamu a Lassa, aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, an kai ta Amurka ta rayu. Har yau cutar tana ɓulla kowane rani, kuma ma'aikatan lafiya suna cikin waɗanda take kamawa. Asibitin da ke ƙirga wa ma'aikata safar hannu, wanda ba shi da akwatin zubar da allura, wanda bai damu da ko sabuwar ma'aikaciya ta yi rigakafin ciwon hanta ba, ya riga ya bayyana matsayinta a wurinsa. Idan allurar da aka yi wa mai cutar ƙanjamau ta soke ta, akwai maganin kariya da ake son a fara cikin gaggawa, kada a wuce awa 72. Ya kamata ta san inda za ta same shi tun kafin ranar ta zo.

Yawan gadaje da yawan hannuwa

Malami nagari ma ba ya koyarwa idan ba shi da lokacin ɗaga kai. Shi ya sa yawan marasa lafiyar da ke kan kowace nas yake cikin ma'aunin horo. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun wallafa bincike a mujallar JAMA a kan asibitoci 168 na Jihar Pennsylvania ta Amurka. Sun gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, haɗarin ƙosawar nas ɗin da aikin kuma yana ƙaruwa da kashi 23. A 2014 wani binciken da ta jagoranta a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, wanda ya fito a mujallar Lancet, ya sake samun kashi 7 ɗin nan. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka: nas ɗaya ga marasa lafiya biyar a ɗakin gama-gari, ɗaya ga biyu a sashen kulawa ta musamman.

Babu mai neman aiki a Najeriya da zai tsaya jiran irin wannan adadi. Ba baƙon abu ba ne a tarar da nas biyu, wani lokaci ɗaya, suna riƙe da ɗaki mai gadaje 20 ko 30 da dare. Amma ko a cikin ƙarancin akwai bambanci mai girma. Ɗakin da ke da nas biyu da dare, ɗaya tsohuwar hannu ɗaya sabuwa, makaranta ce ko da an gaji. Ɗakin da aka bar wa sabuwa ita kaɗai a makonta na biyu, da lambar wayar likitan da ke gida, tarko ne, gare ta da waɗanda ke kwance.

Sunan asibiti ba ya aikin dare

Asibitocin koyarwa suna da fifikon da ba a musunsa. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, sabuwar nas za ta ga cututtukan da ƙananan asibitoci suke turowa bayan sun gagare su. Za ta bi zagayen likitoci ta ji dalilin kowane mataki. Akwai sassa dabam-dabam da za a juya ta a cikinsu, akwai manya a gabanta, akwai kuma hanyar ƙarin karatu. Asibitoci na musamman su ma suna da makarantun ƙwarewa a jikinsu: jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a asibitin Barnawa. Wadda ta san fannin da zuciyarta ke so tana da dalilin neman kusanci da irin waɗannan wurare.

Duk da haka, babban asibiti gari ne mai unguwanni. A ƙarƙashin suna ɗaya akwai ɗakin da shugabarsa take zaunar da sababbi ta yi masu bita, akwai kuma wanda ake mayar da su 'yan aike tsakanin ɗakin magani da ɗakin gwaji. Inda ɗaliban likitanci da ɗaliban jinya da likitoci masu neman ƙwarewa suka yi cincirindo, sabuwar ma'aikaciya tana iya yin wata shida hannunta bai taɓa wasu ayyukan ba. Wadda aka ɗauka a irin wannan wuri, abin tambayarta shi ne wane ɗaki za a kai ta, kuma wa ke shugabantarsa.

Babban asibitin jiha da ke hedikwatar ƙaramar hukuma yana da nasa alherin. Aiki ya yi yawa, hannu yana saurin faɗawa, kuma sau da yawa akan sami wata metiron da ta yi shekara 25 a ɗakin haihuwa, wadda da kallon fuskar mai naƙuda take gane akwai matsala. Shekara guda a gefenta ta fi shekara uku a wurin da babu kowa. Akwai ma hujjar bincike cewa horo mai kyau ba sai a asibitin koyarwa yake samuwa ba. Gwajin E-MOTIVE, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2023, an yi shi ne a asibitoci 80 masu matsakaicin matsayi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An ba ungozomomi wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da mace ta zubar bayan haihuwa, aka horar da su su haɗa matakan magani a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayansa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ginin bai canja ba, ma'aikatan ma su ne dai. Abin da aka ƙara shi ne kayan aiki mai araha, da koyarwa, da bibiya. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya a cikinta suke, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Asibitocin kuɗi kuwa sun kasu. Akwai waɗanda ke da tsari da kayan aiki da horon da ya fi na gwamnati. Akwai kuma ƙananan da likita ɗaya ya buɗe, yana zuwa da yamma bayan ya tashi daga wani aikin, sauran ma'aikatan kuma mataimaka ne da aka koya wa allura a cikin gida, ba su da rajista da hukuma. A irin wannan wuri ne ake yi wa sabuwar nas tayin da ke da daɗin ji: "Ke ce za ki zama shugabar ma'aikata." Tayin yana kama da girmamawa. Ma'anarsa ita ce babu wanda ya fi ta sani a ginin yawancin sa'o'in yini, kuma duk abin da ya lalace lasisinta ne a gaba. Muƙamin da aka ba mutum kafin ya koyi aikin, kaya ne aka ɗora masa ba gammo.

Tambayoyin da suka kamata

Al'ada ta sa mai neman aiki yana jin kunyar yin tambaya, kada a ce ya cika iyayi. Amma matambayi ba ya ɓata, kuma yadda asibiti ya karɓi tambaya shi ma amsa ce. Ga waɗanda suka fi muhimmanci.

Makonni nawa sabuwar ma'aikaciya take yi tana bin wata kafin a ba ta marasa lafiya nata na kanta? Idan amsar ita ce "za ki koya a hankali", to babu tsari.

Akwai mutum ɗaya takamaimai da aka ɗora wa alhakin koya mata, kuma jadawalinsu yana haɗuwa? Wanda aka ce kowa malaminsa ne, a ƙarshe ba shi da malami.

Yaushe ake fara sa sababbi aikin dare, kuma su da wa? Gadaje nawa, ma'aikata nawa? Likitan da ke kan kira a cikin asibitin yake kwana ko a gida?

Idan aka yi kuskuren magani, me ke biyo baya? Wurin da ake tsawa da tozarci a gaban masu jinya yana koya wa ma'aikata ɓoye kuskure, kuskuren da aka ɓoye kuwa shi ke kisa. Wurin da ake zama a bi diddigin yadda abin ya faru yana hana a maimaita.

Ana ba da dama da lokaci don halartar kwasa-kwasan da hukuma ta wajabta kafin sabunta lasisi, wanda ake yi duk shekara uku? Akwai hutun ƙaro karatu, kuma bayan shekara nawa?

Waɗanda aka ɗauka bara, nawa ne suka rage?

Ba duka amsoshin ake samu a ofishin shugaban ma'aikata ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ziyara ɗaya da yamma, lokacin miƙa aiki, tana nuna abin da takarda ba ta nunawa: ko akwai ruwa da sabulu a wurin wanke hannu, ko tukunyar iskar oksijin tana da iska, ko akwatin magungunan gaggawa a cike yake, da irin muryar da manya suke yi wa ƙanana magana da ita. Hira ta minti goma da wadda ta yi shekara ɗaya a ɗakin, a wajen asibiti, ta fi duk abin da za a faɗa a wurin ganawar ɗaukar aiki.

Maganar kuɗi, da maganar rashin zaɓi

Akwai suka guda biyu da wannan ra'ayi ba zai kauce masu ba.

Na farko kuɗi ne. Iyali sun zuba abin da suke da shi, ƙanne suna makaranta, kuɗin mota ya ninka tun bayan cire tallafin mai a 2023. Gaya wa irin wannan yarinya ta bar albashi mai tsoka saboda horo abu ne mai sauƙin faɗa ga wanda cikinsa ya cika. Amsar gaskiya ita ce akwai iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. Aikin da ba zai biya kuɗin mota da abinci ba, ko aikin sa-kai na shekaru babu ko sisi da fatan wata rana za a ɗauka, cin guminta ne ko da an kira shi horo. Amma idan ayyuka biyu duka za su riƙe mutum, bambancin 'yan dubbai a wata bai kai bambancin abin da za a zama bayan shekara uku ba. Nas ɗin da ta ƙware a ɗakin tiyata, ko wankin ƙoda, ko kula da jarirai bakwaini, ita ake nema, ita ke faɗin farashinta. Wadda ta yi shekara uku tana rubuta kati da miƙa magani, ko da albashinta ya fi a farko, za ta tarar ƙofofin da ke buɗe mata kaɗan ne.

Na biyu ya fi ƙarfi: yawancin sababbin ma'aikata ba su da zaɓi. Gurbin aikin gwamnati ba ya samuwa sai an daɗe ana jira, wani lokaci sai da wanda ya san wani. Masu digiri suna fafutukar samun gurbin horon shekara guda da ake buƙata kafin hidimar ƙasa. Wadda jiharta ta ɗauki nauyin karatunta, inda aka tura ta nan za ta je. Da babu gara ba daɗi.

Wannan gaskiya ne, amma ko a cikin rashin zaɓi akwai sauran zaɓi. Wadda ba ta zaɓi asibiti ba tana iya roƙon ɗaki. Tana iya duba cikin manya ta gano wadda aikinta ya fi tsabta, ta je ta gaishe ta, ta ce: "Anti, ina so in koyi aiki a hannunki." Kaɗan ne daga cikin tsofaffin ma'aikata za su ƙi irin wannan roƙo, domin yawancinsu ba a taɓa yi masu shi ba. Tana iya ajiye ɗan littafi tana rubuta abin da ta gani da abin da ba ta gane ba, ba tare da sunan kowa ba, ta bincika idan ta koma gida. Tana iya koyon jimlar da ta fi kowace wuya a bakin sabon ma'aikaci: "Ban taɓa yin wannan ba, a tsaya a kaina." Kuma tana iya sa wa kanta wa'adi, idan wurin ya tabbata babu abin koyo a cikinsa, ta ci gaba da nema tun kafin sabo ya kama ta.

Nauyin da ba na sabuwar nas ba

Bai kamata duk wannan ya rataya a wuyan 'yar shekara 22 ba. A Birtaniya akwai tsarin da ake haɗa sabuwar nas da gogaggiya na tsawon watanni bayan ta yi rajista. A Amurka, rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci na 2010 a kan makomar aikin jinya ya ba da shawarar a kafa shirin horo na musamman ga masu shiga aiki. A Najeriya masu digirin jami'a suna da shekarar horo, amma waɗanda suka bi ta makarantun jinya na shekara uku, waɗanda su ne suka fi yawa a ɗakunan marasa lafiya, sun saba fita daga jarrabawa su faɗa aiki kai-tsaye. Abin da za su samu ya dogara da sa'ar wadda suka tarar.

A watan Fabrairun 2024 hukumar jinya ta fitar da sababbin ƙa'idoji da suka ce sai nas ta yi aƙalla shekara biyu tana aiki kafin a tantance takardunta ga hukumomin ƙasashen waje. Magatakardan hukumar ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Muhawarar ta tsaya a kan 'yancin tafiya da buƙatar ƙasa, kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da bai sami kulawar da ta dace ba shi ne abin da ke cikin shekara biyun. Ƙasar da ke son sababbin ma'aikatanta su zauna, wajibi ne ta iya faɗin abin da za su koya a zaman, da wanda zai koya masu. Ficewar gogaggu ma a nan ta fi ciwo, domin kowace babbar nas da ta hau jirgi ta tafi da malamar wasu goma.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Hukuma tana iya shar'anta wa duk asibitin da zai ɗauki sabuwar nas ya ba ta wata shida a ƙarƙashin mai koyarwa da aka ambata da suna. Ma'aikatun lafiya na jihohi suna iya hana a bar wadda ba ta cika wata uku ba ita kaɗai da dare. Shugabannin asibitoci suna iya rage wa masu koyarwa yawan gadaje, su kuma sa koyarwar cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na gina sabon ɓangare da za a yanke wa ƙyalle ba.

Kafin a kai can, shawarar tana hannun waɗanda ke zaune a zauren nan. Mahaifin da ke tambayar albashi da mahaifiyar da ke tambayar nisa suna da damar ƙara tambaya ɗaya, kuma su ne suka fi cancanta su yi ta, domin wata rana su ko nasu ne za su kwanta a gado na bakwai. Idan 'yarsu ta dawo daga ganawar ɗaukar aiki, bayan an ji nawa za a biya, sai a tambaye ta sunan wadda za ta koya mata aiki. Idan ta san sunan, wurin ya cancanci a duba shi da kyau. Idan ba ta sani ba, sai ta koma ta tambaya kafin ta sa hannu.